Zaɓen Na'urar Intanet Ta Gida A Kwali: Abin Dubawa Kafin A Zare Kuɗi

KWALI, Birnin Tarayya. Duk wanda ya juya takardar kuɗi ta Naira 20 zai ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Ita ce marigayiya Ladi Kwali, wadda ta rasu a shekarar 1984, bayan da sana'ar hannunta ta kai sunan garinsu har Ingila da Amurka. A garin da ya yi suna da tukwane ba sai an koya wa mai saye ya ƙwanƙwasa tukunya ya saurari amonta kafin ya biya ba. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai yarda ya ɗauki randa ba tare da gwaji ba, shi ne kuma za ka ga ya shiga mota zuwa cikin birni, ya zube dubban Nairori a kan na'urar intanet, bai tambayi kowa ko za ta yi aiki a ɗakin da zai ajiye ta ba.

Na'urar da ake magana a kai ita ce wadda masu sayar da kayan waya ke kira rauta, wato ɗan akwatin nan da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, sa'an nan ya rarraba shi ba tare da waya ba ga wayoyin hannu da kwamfutoci da talabijin da ke cikin gida ko shago, ta hanyar da aka fi sani da Wi-Fi. Rauta iri biyu ce. Akwai wadda ake jona wa wayar intanet da kamfani ya jawo har cikin gida, akwai kuma wadda ake sa wa layi kamar wayar hannu, ta riƙa kamo sabis daga turken sadarwa mafi kusa. Ta farko sai inda kamfani ya binne waya har ƙofar gida, abin da aka fi samu a manyan unguwannin tsakiyar birni. Ga mazaunin Kwali da ƙauyukanta, ta biyu ita ce abin tattaunawa, kuma wannan bambanci shi ne kuskuren farko da ake yi a kasuwa: mutum ya sayo rauta mai ƙahoni huɗu, mai kyan gani, ya iso gida ya tarar ba ta da ramin sa layi.

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 1996 ne aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Kwali, wadda ke ɗaya daga cikin guda shida da suka haɗu suka zama Birnin Tarayya, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kimanin 86,000. Babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja ta ratsa ta, ga Gwagwalada a gefe guda, ga Abaji a ɗaya gefen. A Sheda da ke cikin yankin ne aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, da hedkwatar hukumar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan, ban da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke garin Kwali kansa. Da zarar an sauka daga kwalta kuwa, sai gonakin doya da masara da dawa da rogo, da garuruwa irin su Kilankwa da Pai da Yebu da Ashara. Ke nan masu bukatar intanet a nan sun haɗa da malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati da ɗalibin da ke shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 ake rubuta ta a kwamfuta, da dillalin doya da ke jiran ganin shigar kuɗi kafin ya sallami mota. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya koya wa kowane mai shago cewa ranar da sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya ke nan.

Kafin watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki bayan kowannensu ya biya Dalar Amurka miliyan 285 kuɗin lasisi, layukan tarho da ke ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Glo ya shigo a 2003, Etisalat a 2008. A 2016 MTN da Glo suka buɗe sabis na 4G, a 2022 kuma MTN ya ƙaddamar da 5G a birane bakwai da suka haɗa da Abuja da Kano da Legas, Airtel ya bi sahu a tsakiyar 2023. Wannan tarihi na da amfani ga mai saye ta fuska ɗaya: ko wane sabon sabis daga tsakiyar manyan birane yake farawa, inda jama'a suka fi yawa kuma jari ke saurin dawowa, sa'an nan a hankali ya gangaro gefe. Idan aka ce wani sabis ya iso Abuja, ana iya nufin Wuse da Garki da Maitama ne kawai. Tsakaninsu da Yangoji ko Dafa akwai tafiya.

Daga turke sauri yake fitowa

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rauta ba ta ƙirƙirar sauri. Abin da turken kamfani ya aiko mata shi take rabawa, kamar yadda famfon cikin gida ba zai zubo da ruwan da ya fi wanda babban bututu ya kawo ba, komai tsadar kan famfon. Lambobin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, irin su 300 ko 1200, yawancinsu suna bayani ne a kan gudun saƙo tsakanin rautar da wayar da ke cikin ɗaki, kuma a yanayin gwaji na masana'anta aka auna su. Ba su da alaƙa da abin da zai iso daga waje. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar ya sa wa kansa burin megabit 25 a daƙiƙa a birane da megabit 10 a karkara. Wanda ya kwatanta waɗannan alƙaluma da 1200 ɗin da ke jikin kwali zai gane cewa ko rauta mafi araha a kasuwa ta ishi ɗaukar abin da ake sa ran zai iso mafi yawan gidaje.

Saboda haka aikin farko a gida ake yin sa, kafin a je kasuwa, kuma ba ya cin kuɗi. Mutum ya ari wayoyin 'yan'uwa ko maƙwabta masu layuka daban-daban, ya tsaya a daidai wurin da yake son ajiye na'urar, ya auna gudun ko wane layi da ɗaya daga cikin manhajojin awon sauri da ake samu kyauta. Kada ya tsaya a awo ɗaya. Ya auna da safe, ya auna da rana, ya kuma auna tsakanin sallar Magariba da ƙarfe goma na dare, domin turke ɗaya jama'a da dama ke rabawa, kuma a lokacin da kowa ya dawo gida ya buɗe bidiyo ne ake sanin ainihin ƙarfinsa. Mai shago a bakin kasuwa ya ƙara da awon ranar kasuwa. Sandunan sabis da ake gani a saman fuskar waya ba su isa shaida ba. Suna nuna ƙarfin sigina ne kawai, ba sa nuna yawan mutanen da ke kan turken. Sau da yawa sanduna kan cika, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Layin da ya yi nasara a wannan gwaji shi ne zai zaɓa wa mutum rautarsa. Kuma amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Layin da ya fi ƙarfi a bakin babbar hanya na iya zama mafi rauni a bayan wani tudu da bai fi tafiyar minti goma a babur ba, don haka shawarar abokin da ke zaune a Gwagwalada ba ta wadatar da mazaunin Kundu ko Wako.

Batun zango

Daga nan sai abin da masu sayarwa ba kasafai suke ambata ba, alhali shi ke raba rautar da za ta yi aiki da wadda za ta zama kayan ado. Ma'abuta sauraron rediyo sun san cewa akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kamo tashoshin ƙasashen waje ba, komai sabuntarsa. Haka abin yake a nan. Ko wane kamfani na da zangon da hukuma ta ba shi, wanda ake aunawa da megahaz. Glo ya buɗe nasa 4G a kan 700. MTN ya samu 800 bayan da ya sayi kamfanin Visafone a 2016, ya kuma sayi 2600 a gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi a wannan shekara. Airtel ya fara nasa a kan 1800, Spectranet kuwa yana aiki a kan 2300. Shi kuma 5G da aka yi gwanjonsa a watan Disamba na 2021, inda MTN da Mafab kowannensu ya biya Dala miliyan 273.6, a kan 3500 yake.

Ƙa'idar ita ce, ƙaramin adadi ya fi tafiya nesa, ya kuma fi ratsa bango da itatuwa, babban adadi kuwa ya fi ɗaukar kaya amma ba ya nisa. Shi ya sa 700 da 800 su ne abokan mutumin ƙauye, 2600 da 3500 kuma na wanda ke hango turke daga tagarsa ne. A jikin kwali ko a takardar bayani akan rubuta zangunan da lambobi: B28 shi ne 700, B20 shi ne 800, B3 shi ne 1800, B7 shi ne 2600, B40 kuma 2300. Mai saye a Kwali ya nemi ganin B3 da B20 da B28 aƙalla. Ya kuma lura cewa samfuri ɗaya na kamfani ɗaya kan fito kala-kala, wani an ƙera shi don Turai, wani don Asiya, bambancinsu 'yan lambobin da ke ƙarshen suna ne kawai. Wanda aka ƙera don Turai, musamman tsofaffin da ake shigowa da su a matsayin na hannu, sau da yawa ba shi da B28. Mai shi zai sa layi ya ga na'urar ta koma 3G, ya yi ta zagin kamfani, alhali kuwa laifin na akwatinsa ne.

Akwai kuma abin da ake kira aji. Rauta mai aji na 4, wadda ake rubuta wa Cat 4, iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, kuma zango ɗaya take kamawa a lokaci guda. TL-MR6400 na kamfanin TP-Link da B315 na Huawei na cikin wannan rukuni. Mai aji na 6, kamar Archer MR600 ko B525, na iya haɗa zanguna biyu a lokaci ɗaya, iyakarta kuma 300. Ba don a kai 300 ɗin ake sayenta ba, domin ba za a kai ba. Amfaninta shi ne a lokacin cunkoso tana ɗibar ruwa daga rijiya biyu, matuƙar turken da ke kusa yana bayar da zangunan biyu. A ganinmu, ga gida mai mutum biyar ko shida aji na 4 ya isa, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a wajen batir ko eriya. Wanda ke da shagon buga takardu da cike fom, inda kwamfutoci da yawa ke aiki tare, shi ne ya dace ya dubi aji na 6.

Rautar 5G fa? MTN ya fara sayar da tasa a kan Naira 50,000 a 2022, kuma a inda sabis ɗin ya kai, saurinta ba abin musu ba ne. Amma a inda bai kai ba, komawa take yi ta yi aiki da 4G kamar sauran, mai ita ya biya kuɗin doki ya hau jaki. Kamfanonin na da taswirar wuraren da sabis ɗinsu ya kai, amma gani ya kori ji: wayar da ke da 5G, idan aka tsaya da ita a tsakar gida, za ta faɗi gaskiya cikin minti ɗaya.

A kulle ko a buɗe

Kamfanonin sadarwa kan sayar da rautocinsu da rahusa, wani lokaci har da kyautar data ta watan farko, amma a kulle suke, ba sa karɓar layin kowa sai na mai su. Buɗaɗɗiya kuwa, wadda ke karɓar ko wane layi, ta fi tsada a ranar saye. Wanda gwajinsa ya nuna masa layi ɗaya ya yi wa saura fintinkau, ba laifi ya ɗauki ta kamfanin, domin an riga an daidaita ta da zangunansa, kuma akwai ofishin da zai koma idan ta lalace. Wanda ya ga layuka biyu sun yi kunnen doki, ko kuma kasuwancinsa ba ya jure tsayawar sa'a guda, buɗaɗɗiya ta fi masa, don ranar da wani ya ɗauke sai ya zare layi ya sa wani. Irin wannan rana kuwa tana zuwa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kuma ba daidai abin ya taɓa kowane kamfani ba. Masu aikin hanya da ɓarayi ma kan yanke wayoyin da aka binne a ƙasa, matsalar da ta sa a shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Akwai masu gyara da ke buɗe kullalliyar rauta a kan ɗan kuɗi kaɗan. Mai niyyar haka ya sani garantinsa ya tafi, kuma buɗewa ba ta ƙara wa na'ura zangon da ba a ƙera ta da shi ba.

Wuri, eriya da wuta

Bayan an sayo, inda aka ajiye ta na iya ninka saurinta ko ya kashe shi. Rufin kwano da bangon siminti mai ƙarfe a ciki da ƙofar ƙarfe duk suna tare sigina, shagon kwantena kuwa kusan kabari ne gare ta. A ɗora ta sama, kusa da tagar da ke fuskantar turke, nesa da talabijin da firiji, kada kuma a kulle ta cikin durowa don tsoron yara. A shafin sarrafa na'urar akwai wani awo da ake rubuta wa RSRP, wanda ke zuwa da alamar ragi a gabansa: idan yana wajen 80 sigina na da kyau, idan ya haura 100 ya yi rauni, idan ya kai 110 sai haƙuri. Mutum na iya zagayawa da ita ɗaki-ɗaki yana duba wannan lamba har ya samu gurbin da ya fi.

Idan duk gidan babu irin wannan gurbi, magani shi ne eriyar waje, wadda ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe sama da rufi, a juya fuskarta wajen turke, a jawo wayarta zuwa ciki. Ga mazauna garuruwan da ke nesa da kwalta, wannan ya fi sayen rauta mai tsada amfani nesa ba kusa ba. Sai dai ba kowace rauta ke da ramukan jona eriya a bayanta ba, saboda haka tun a kasuwa za a duba. Wayar eriyar kada ta yi tsawo fiye da kima, domin ko wane ƙarin mita na cinye wani abu daga siginar. Kuma tun da damina a wannan yanki da tsawa take zuwa, ƙarfen da ya fi rufi tsawo na bukatar a haɗa shi da ƙasa yadda masu aikin lantarki suka sani.

Sai maganar wuta, wadda a nan ba a raba ta da maganar intanet. Rautar tebur da wutar lantarki take aiki, kuma idan aka ɗauke wuta ta mutu ke nan, ko da akwai data cike. Abin farin ciki ba ta da ci: yawancinsu bolt 12 suke sha, kuma ba su wuce wat 12 ba, wato ko ta kwana ta wuni a kunne ba za ta ci sulusin yunit ɗaya ba. Ƙaramin batir na musamman da ake sayarwa don rauta kan riƙe ta na wasu sa'o'i, mai sola ko inbata kuwa ba zai ma ji nauyinta ba. Wasu samfuran na zuwa da batir a cikinsu. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan ta aljihu da ake kira MiFi, wadda ke da batir, ta kuma fi araha, amma eriyarta ƙarama ce, na'urori kimanin goma take ɗauka, ba ta kuma ratsa ɗakuna da yawa. Ta dace da dillalin da ke yawo tsakanin kasuwanni, ba ta dace da gida mai sassa uku ba. Wanda ke amfani da janareto ya sa abin kariya tsakaninsa da rautar, domin hawa da saukar wuta ne ke ƙona cajarta.

Game da Wi-Fi ɗin cikin gida, zango biyu ne aka fi amfani da su, 2.4 da 5. Na farko ya fi nisa da ratsa bango, na biyu ya fi gudu amma a kusa, kuma shi ne mafita a inda rautocin maƙwabta suka yi yawa suna cin karo da juna. A gidan da ke da fili, ba maƙwabta manne da bango, 2.4 kaɗai na iya wadatarwa. A kula kada a rikita wannan 5 ɗin da 5G na kamfanonin sadarwa. Abubuwa biyu ne daban, kuma akwai mai sayarwa da zai bar mai saye cikin wannan ruɗani idan ya ga ciniki zai faɗa.

Lissafin shekara

Ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin mota daban, kuɗin mai daban. Rauta sau ɗaya ake sayenta, data kuwa duk wata ne, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. A ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum na sayen datar Naira 15,000 a wata. A shekara ya kashe Naira 180,000 ke nan. Bambancin Naira dubu goma tsakanin rauta biyu bai kai komai ba a gaban wannan adadi, amma bambancin Naira dubu uku a wata tsakanin tsarin kamfanoni biyu ya zama Naira 36,000 a shekara. Rauta mai araha ita ce wadda jimillar kuɗinta da na datarta da na batirinta ta fi sauƙi bayan wata goma sha biyu.

Wani abin da kan ba sababbin masu rauta mamaki shi ne saurin ƙarewar data. Ba sata ba ce a mafi yawan lokuta, lissafi ne. Bidiyon da ke gudu a kan megabit 5 a daƙiƙa na cinye gigabait biyu da kwata a sa'a guda. Idan sabis ya yi kyau, manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoto, wayoyi kuma da zarar sun ga Wi-Fi sai su shiga sabunta kansu da tura hotuna ma'ajiya, don sun ɗauka kyauta ne. Gida mai yara huɗu da talabijin mai intanet na iya cinye datar wata a mako ɗaya. Shi kuma tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka, galibi yana da wani ƙa'idajjen adadi wanda idan aka kai shi ake rage gudu, don haka a tambayi adadin da kuma gudun da za a koma kafin a biya.

Ga wanda ke inda babu turken da ke isa, akwai intanet ta tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma ba ya bukatar komai sai sararin sama da wuta. Sai dai kayansa na dubban ɗaruruwan Nairori ne, kuɗin wata kuma da yake Naira 38,000 ya koma Naira 57,000 a 2025, bayan wata taƙaddama da hukumar NCC a kan yunƙurin ƙarin da ya yi a 2024 ba tare da izininta ba. Yana kuma shan wuta ninkin rauta sau da yawa. Makaranta ko asibiti ko babbar gona na iya ɗaukar wannan nauyi, haka ma 'yan kasuwa da suka haɗa kuɗi, amma ga gida ɗaya ya fita daga sahun masu araha.

A kasuwa

Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a watan Yuni na 2023, har Dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, duk wani abin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma hakan ya buɗe kasuwar na hannu da ta jabu. Mutanen Kwali kan sayi irin waɗannan kaya a Gwagwalada, ko su wuce Banex da ke Wuse, ko su yi saƙo daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko ta Ikeja a Legas. Ko ina ne, dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC alhakin tantance nau'in kayan sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan, kuma mai saye na da ikon tambaya ko samfurin na cikin waɗanda aka amince da su. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma rautar da ba ta da sunan kamfani a jikinta ba ta da mai sabunta manhajarta idan aka gano wata ɓaraka.

A guji rautar da ta zo da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa ko wane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi, saboda haka layin da ba sunanka ba ana iya rufe shi da datarka a ciki, ba ka da bakin magana.

Ranar da aka kunna ta, a canza kalmomin sirri guda biyu, ta shiga Wi-Fi da ta shiga shafin sarrafa na'urar, domin waɗanda masana'anta ta sa a rubuce suke a ƙarƙashinta, duk wanda ya ɗaga ta zai karanta. A zaɓi tsarin kariya na WPA2 ko WPA3, a bar tsohon nan WEP da aka daɗe da karya shi. Mai shagon da ke son yi wa abokan ciniki alheri ya buɗe musu sashen baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, ya bar wayar da yake hulɗar banki da ita a sashe na daban. Ya kuma riƙa leƙa jerin na'urorin da ke jone lokaci-lokaci, don kalmar sirrin da aka ba mutum ɗaya da safe, kafin la'asar ta zaga layin shaguna.

A watan Mayu na 2024 majalisar zartaswa ta tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet a faɗin ƙasa, kuma idan irin wannan waya ta isa turakun da ke gefen birni, su ma masu rautar layi za su ga canji ba tare da sun sake na'ura ba. Kafin nan, mai saye ya tafi kasuwa da layinsa a aljihu, a sa shi a kunna a gabansa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da tsawon garanti, ya kuma nemi a rubuta masa cewa zai iya mayarwa ko ya musanya cikin 'yan kwanaki idan ta ƙi kama sabis a gidansa, tun da kamawa a Wuse ba ta tabbatar da kamawa a Gumbo ba. Idan kuma matsalar daga kamfanin sadarwa ce, ya fara kai kuka gare su ya karɓi lambar ƙorafi, in ba su share masa hawaye ba ya kira hukumar NCC a lamba 622, wadda kiranta kyauta ne.